Wane Littafi Za Mu Ba Yaro? Abin da Tarihin Ikkilisiya Ya Koya Mana

Duk faston da ya daɗe a bakin aiki ya taɓa gamuwa da wannan tambaya. Wata uwa za ta tsaya bayan sujada da littafi a hannu, ta ce ta same shi a jakar makarantar 'yarta, shin ya dace yarinyar gidan masu bi ta karanta shi? Ko kuwa wani uba ya ce shi ya hana kowane littafi shiga gidansa in ba Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi ba, yana so fasto ya tabbatar masa ya yi daidai. Amsar fasto tana da nauyi. In ya ce a ƙone littafin ba tare da ya buɗe shi ba, yarinyar za ta koyi karatu a ɓoye, ta daina tambayar kowa. In kuma ya ce ba kome, ya saki tunkiya a daji ba makiyayi.

Ikkilisiya ta yi ƙarnuka tana fama da wannan tambaya. A wannan darasi za mu dubi lokatai uku: zamanin Ubannin Ikkilisiya, zamanin Martin Luther, da kuma Ingila daga ƙarni na 17 zuwa na 20, inda yawancin littattafan yaran da mishan suka kawo mana suka samo asali. Daga nan mu dawo gida. Abin da za mu gani shi ne, waɗanda suka fi taimakon yara su ne waɗanda suka ɗauki wahalar zaɓe, suka kuma zauna kusa da yaron lokacin da yake jin labarin.

Makarantar Romawa da iyaye masu bi

A ƙarnuka huɗu na farko, ikkilisiya ba ta gina makarantun koyon karatu da rubutu nata ba. Yaron Kirista yakan tafi makarantar gari tare da sauran yara. Littattafan da ake koyarwa da su kuwa su ne waƙoƙin Homer ga masu Helenanci, da na Virgil ga masu Latin, dukansu cike da labaran gumaka masu faɗa da kishi da zina. Wanda bai yi wannan karatu ba, ba ya samun aikin gwamnati ko na shari'a. Tertuliyan na Kartej, a Afirka ta Arewa, wajen shekara ta 200, ya nuna ba ya ganin abin da ya haɗa hikimar Atina da bangaskiyar Urushalima. Ya ce bai dace mai bi ya zama malamin irin wannan makaranta ba. Duk da haka ya yarda yaro ya je ya koya, domin babu wata hanyar iya karatu.

Wani abu ya faru a shekara ta 362 wanda ya buɗe idon masu bi. Kaisar Yuliyan, wanda aka goya shi cikin ikkilisiya amma ya koma bautar gumaka, ya kafa doka da ta hana Kirista koyar da littattafan Helenawa. Hujjarsa ita ce, wanda bai gaskata da allolin Homer ba, bai kamata ya ci abinci da koyar da Homer ba. Da a ce littattafan nan guba ce zalla, da shugabannin ikkilisiya sun yi murna. Amma sun ɗauki dokar a matsayin tsanani, domin sun gane nufinta shi ne a raba masu bi da ilimi. Wasu malamai biyu, uba da ɗa, dukansu masu suna Afolinariyus, suka shiga sāke rubuta labaran Littafi Mai Tsarki cikin salon waƙoƙin Helenawa domin yara su sami abin karatu. Yuliyan ya mutu a yaƙi a shekara ta 363, dokar ta bi shi, aka kuma manta da rubuce-rubucen malaman nan biyu cikin ɗan lokaci. Niyyarsu mai kyau ce, amma littafin da aka rubuta da gaggawa don maye gurbin wani bai cika daɗewa a hannun yara ba.

Basil, bishop na Kaisariya ta Kafadokiya daga shekara ta 370, ya yi karatu a Atina, ya kuwa san littattafan nan ciki da bai. Ya rubuta wa matasa wani ɗan gajeren jawabi a kan yadda za su amfana da su. Ya ce kada su miƙa wa marubuta tuƙin hankalinsu kamar mutumin da ya bar jirginsa a hannun wani. Su yi kamar ƙudan zuma, wanda ba ya sauka a kan kowane fure, inda ya sauka ma ba ya kwashe kome da kome, sai abin da zai yi zuma da shi. Inda marubuci ya nuna aikin mutanen kirki, a saurara a yi koyi. Inda ya shiga yabon maye da fasikanci, a toshe kunne. Basil ya kawo misalin Periklis, shugaban Atina, wanda wani mutum ya wuni yana zaginsa, da dare ya yi ya sa aka raka mutumin gida da fitila. Ya ce yaron da ya saba da irin wannan labari ba zai ga umarnin Ubangiji na ƙaunar maƙiyi kamar abin da ya gagari ɗan adam ba. Ya kuma tuna musu da Musa wanda ya koyi ilimin Masarawa, da Daniyel wanda ya koyi na Kaldiyawa.

Yohanna Kirisostom, mai wa'azin Antakiya wanda ya zama bishop na Konstantinoful a shekara ta 398, ya dubi al'amarin daga cikin gida. A littafinsa kan renon yara ya kwatanta ran yaro da sabon birni, uba ne sarkinsa, ƙofofinsa kuwa su ne harshe, da kunne, da hanci, da ido, da taɓawa. Da ya zo kan ƙofar kunne, bai tsaya ga hana tatsuniyoyin banza ba. Ya koya wa uba yadda ake ba da labari. Ya ce da yamma, lokacin cin abinci, uba ya ba yaro labarin Kayinu da Habila, ya daɗaɗa shi yadda yaron zai ji daɗi, uwa kuma tana zaune kusa tana yaba labarin. Bayan 'yan kwanaki uban ya ce wa yaron shi ma ya ba da labarin da bakinsa. Sa'an nan ya kai shi sujada ranar da za a karanta wurin, zai ga yaron yana tsalle don murna, domin ya san abin da sauran yara ba su sani ba. Daga nan a shiga labarin Yakubu da Isuwa. Kirisostom ya kuma kula da shekaru. Ya ce labarin ruwan tsufana da na Saduma sun dace da ɗan shekara 8 ko 10, amma zancen Gidan Wuta a jira sai yaro ya kai shekara 15.

Jerom ya fi su tsanani. Wajen shekara ta 403 ya rubuta wa wata mace a Roma mai suna Laeta game da renon 'yarta Paula. Ya ce a sassaƙa mata haruffa na itace ko na hauren giwa ta riƙa wasa da su, kada a tsawata mata har ta ƙi jinin karatu. Ya jera mata littattafai bi da bi: Zabura da fari, sai Karin Magana, da Mai Hadishi, da Ayuba, sa'an nan Bisharu, da Ayyukan Manzanni, da Wasiƙu, daga baya Annabawa da littattafan tarihi. Waƙar Waƙoƙi ita ce ta ƙarshe. Ko cikin Littafi Mai Tsarki ma, Jerom ya ga akwai abin da ake fara ba yaro, akwai wanda ake jinkirtawa.

Agustin, ɗan Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya ba mu shaida daga gefen yaron. Ya ce a makaranta an sa shi kuka saboda mutuwar Dido, sarauniyar da ke cikin waƙar Virgil, alhali bai taɓa kuka saboda nisansa da Allah ba. Ya ambaci wani wasan kwaikwayo da suka karanta inda saurayi ya dubi hoton gunki yana lalata, ya ɗauki wannan hujjar yin tasa. A ganin Agustin laifin ba na kalmomin ba ne, su kamar ƙoƙuna ne masu daraja, abin da aka zuba a ciki ne ya bugar da yara. Amma shi ɗin ne kuma ya shaida cewa yana cikin shekararsa ta 19 ya karanta wani littafin Cicero, wanda bai san Almasihu ba, littafin ya juya zuciyarsa ga neman hikima. Abu ɗaya ya rage masa zafi: bai ga sunan Almasihu a ciki ba, sunan da ya sha tare da nonon uwarsa Monika. Abin da uwa ta shuka a gida shi ne ya zama ma'aunin da saurayin ya auna littafin da shi.

Luther da tatsuniyoyin Aesop

Bayan da injin buga littattafai ya bazu a Turai, tambayar ta ƙara zafi, domin littafi ya yi araha har ya shiga gidan talaka. A shekara ta 1524 Martin Luther ya rubuta wa shugabannin biranen Jamus yana roƙonsu su kafa makarantu domin yara maza da mata, su kuma gina ɗakunan ajiye littattafai. Ya gargaɗe su kada su tara kowane irin littafi don a ce suna da yawa. A fara da Littafi Mai Tsarki, sa'an nan littattafan koyon harsuna, har da na mawaƙa da masu jawabi ko Kirista ne ko ba Kirista ba, da kuma littattafan tarihi, waɗanda ya ɗauka da muhimmanci ƙwarai. A shekara ta 1529 ya fito da Ƙaramin Katekisma, ya kuma rubuta a kan sassansa cewa haka maigida zai koya wa iyalinsa. Maigida ya ɗora wa aikin tun kafin fasto.

A shekara ta 1530, lokacin babban taron Augsburg inda ake shari'ar koyarwar masu gyaran ikkilisiya, Luther bai iya halarta ba domin hukuncin da ke kansa. Ya zauna watanni a fadar Coburg. A can ya yi aiki a kan Zabura da Annabawa, ya kuma ɗauki wani aiki na uku da zai ba wasunmu mamaki, wato juya tatsuniyoyin Aesop zuwa Jamusanci. Aesop Baheleni ne na zamanin dā, labaransa kuwa na dabbobi ne: kyarkeci da ɗan rago, kare da naman da ya gani cikin ruwa, zaki da rabon ganima. Luther ya gama 13 kawai, aka buga su bayan mutuwarsa. Akwai wani juyi na Jamusanci a kasuwa tun kafin nasa, amma an cusa masa labaran batsa, wannan ya sa Luther ya so ya tsabtace shi. Ya ce mutane ba sa jure wa gaskiya in an faɗa musu kai tsaye, amma sukan karɓe ta daga bakin dabba. Ya shawarci maigida ya ba da tatsuniya ɗaya a wurin cin abincin dare, ya tambayi matarsa da yaransa da barorinsa abin da take nufi.

A Coburg ɗin ne kuma ya rubuta wa ɗansa Hans, mai shekara 4, wasiƙa game da wani lambu mai kyau inda yara suke tsintar 'ya'yan itace suna hawan ƙananan dawakai. Mutumin da ya tsaya a gaban sarakuna ya san yaren da ɗan shekara 4 yake ji. A wurin Luther katekisma da tatsuniya ba su yi faɗa ba. Ɗaya yana koya wa yaro abin da zai gaskata, ɗayan yana koya masa sanin halin mutanen da zai zauna da su.

Ingila: tsoro, da labari mai rai

A Ingila ta ƙarni na 17 ne aka fara rubuta littattafai da yawa domin yara musamman. Masu rubuta su kuwa yawanci Furitan ne, mutane masu himmar ibada. A shekarun 1671 da 1672 wani mai wa'azi, James Janeway, ya buga A Token for Children, wato tsarabar yara. A ciki akwai labarin yara 13 waɗanda suka tuba, suka yi zaman tsarki, suka mutu tun suna ƙanana. Kada mu yi saurin zarginsa. A zamaninsa mutuwar yara abu ne na kullum, annoba kuma ta kashe dubban mutane a London a shekara ta 1665. Janeway yana so yaro ya kasance a shirye. Amma littafin ya kafa wani salo da ya daɗe: yaron kirki shi ne mai magana kamar dattijo, wanda ba ya wasa, wanda kuma ba ya daɗewa a duniya.

John Bunyan, mai gyaran tukwane da butocin ƙarfe daga Bedford, ya yi shekara 12 a kurkuku saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba. Yana yaro ya so ƙananan littattafan kasuwa masu labaran jarumai da dodanni. Da ya rubuta The Pilgrim's Progress, wanda ya fito a shekara ta 1678, ya ɗauki kayan irin waɗannan labarai ya sa su hidimar bishara: mutum da kaya a baya, taɓo mai haɗiye matafiyi, dodo a kan hanya, ƙato mai kurkuku, kogi kafin birni. Shi da kansa ya faɗa cewa abokansa sun rabu biyu a kan ko ya buga littafin, domin wasu suna ganin ƙagaggen labari bai dace da al'amuran Allah ba. Ya kāre kansa da cewa annabawa da Ubangiji Yesu ma da misalai suka koyar. Bunyan bai rubuta littafin domin yara ba, yara ne suka ƙwace shi suka mai da shi nasu. Littafin Janeway yanzu galibi masu binciken tarihi ne suke buɗe shi, na Bunyan kuwa har yau ana bugawa.

Da Makarantar Lahadi ta bazu daga wajen shekara ta 1780, ta hannun Robert Raikes na Gloucester da wasunsa, dubban yaran talakawa suka iya karatu, aka shiga neman abin da za a ba su. A shekara ta 1799 aka kafa ƙungiyar Religious Tract Society domin buga ƙananan littattafan addini masu araha. Wasu littattafan zamanin sun bi sawun tsoratarwa. A cikin The Fairchild Family na Mary Sherwood, wanda ya fito a shekara ta 1818, yara sun yi faɗa a kan 'yar tsana, sai ubansu ya kai su wurin da aka rataye gawar wani mutum da ya kashe ɗan'uwansa, domin su ga ƙarshen fushi. Littafin ya shiga gidaje masu yawa, amma daga baya masu buga shi suka cire wannan wuri. Ƙungiyar buga littattafan ma ta koyi darasi. Ta ga samari suna sayen mujallun kwabo ɗaya masu labaran 'yan fashi da kisan kai, wa'azi kuma bai hana su ba. A shekara ta 1879 ta fito da Boy's Own Paper, mujalla mai labaran tafiye-tafiye da wasanni da sana'ar hannu, ta kuma fito da ta 'yan mata a shekara ta 1880. Ta gane cewa yaro ba ya barin labari mai daɗi sai an ba shi wanda ya fi shi.

George MacDonald, fasto ɗan Sikotlan mai 'ya'ya 11, ya rubuta labaran sarauniyoyi da dodannin ƙarƙashin dutse inda ba a cika ambaton addini ba, amma nagarta tana da kyau a cikinsu har mai karatu ya yi marmarinta. A shekara ta 1916 wani saurayi da ya riga ya bar bangaskiya ya sayi littafin MacDonald mai suna Phantastes a tashar jirgin ƙasa. Sunansa C. S. Lewis. Daga baya ya shaida cewa a littafin ne ya fara ɗanɗana tsarki, tun bai san sunan abin ba. Sai a shekara ta 1931 ya karɓi Almasihu, tsakanin 1950 da 1956 kuma aka buga littattafansa na Narnia guda 7 domin yara. Shekara 15 iri ya yi a ƙasa kafin ya tsiro.

Yadda al'amarin ya iso gare mu

Mishan da suka zo Afirka ta Yamma sun girma ne da waɗannan littattafai, suka kuwa zo da su. An juya littafin Bunyan zuwa harsunan Afirka wajen 80. David Hinderer na Ibadan ya juya shi zuwa Yarbanci, aka buga a shekara ta 1866. D. O. Fagunwa, malamin makarantar mishan, ya haɗa tasirin Bunyan da tatsuniyoyin Yarbawa a littafinsa na mafarauci a dajin aljanu, wanda ya fito a shekara ta 1938, yaran ƙasar Yarbawa suka yi ta karanta shi shekara da shekaru.

A Hausa, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga da boko shi ne Magana Hausa na J. F. Schön, ɗan mishan na CMS, a shekara ta 1885. Ya ƙunshi tatsuniyoyi da karin magana da labarin rayuwar Dorugu, saurayin Bahaushe da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya daga shekara ta 1905, ya yi shekaru yana aikin juyi tare da abokan aikinsa na ƙasa da na wasu mishan, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a shekara ta 1932. Ga iyalai da yawa a Filato da Kudancin Zariya da Adamawa da Tangale, shi ne littafin farko da ya shiga gida, a cikinsa ne yara suka koyi haɗa baƙaƙe.

A shekara ta 1933 hukumar fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Na ƙarshen nan John Tafida, Kirista daga Wusasa, ya rubuta shi tare da East. Labarin mai dukiya ne da ya raba saurayi da budurwarsa, da ramuwar da ta sauka a kan ɗan da bai san kome ba. Babu wa'azi a ciki, amma wanda ya karanta shi ya ga abin da Romawa 12:19 take gargaɗi a kai. Daga shekara ta 1937 kuma Abubakar Imam, Musulmi, ya fito da Magana Jari Ce, inda aku yake riƙe ɗan sarki da labarai. Yaran masu bi da yawa sun karanta shi a makaranta tare da 'yan'uwansu Musulmi. Tambayar da ta sami Basil game da Homer, da Luther game da Aesop, ita ce take samunmu game da waɗannan littattafai, da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da na kakanninmu a harsunan Ngas da Berom da Bura da Bachama. Daga shekarun 1980 littattafan soyayya na kasuwar Kano suka ƙaru a kai. Yanzu kuma labarin yana shigowa ta waya, a wurin da uwa ba ta ganin bangon littafi balle ta kawo wa fasto.

Abin da mai hidima zai ɗauka

Na farko, sunan Kirista a bangon littafi bai isa shaida ba. Janeway da Sherwood masu bi ne na gaske, duk da haka sun ɗora wa yara nauyin da Kirisostom ya ce a jinkirta. A kasuwanninmu ma akwai ƙananan littattafai da finafinai masu sunan Yesu waɗanda abin da suke shuka wa yaro shi ne tsoron mayu da zargin dangi. Fasto ya karanta kafin ya yaba.

Na biyu, rashin sunan Kirista bai isa hukunci ba. Bulus ya yi amfani da maganar mawaƙan Helenawa a Atina (Ayyukan Manzanni 17:28), ya kuma ba mu ma'auni a Filibiyawa 4:8. Littafin da ya nuna mugunta ba lalle ne ya zama mugun littafi ba, gama Littafi Mai Tsarki bai ɓoye zunubin Dawuda ba. Abin dubawa shi ne ko labarin yana sa yaro ya yi sha'awar muguntar, ko kuwa yana nuna masa ita da ainihin fuskarta. In Gizo ya ci nasara da wayo, uba ya tambayi yaro wa aka cuta, kuma in shi ne aka yi wa haka yaya zai ji.

Na uku, a kula da shekaru, a kuma kula da daɗin labari. Annabi Natan da labarin 'yar tunkiya ya kama zuciyar sarki (2 Sama'ila 12). Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi yakan karya shi.

Na huɗu, aikin na iyaye ne, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora musu. Timoti ya san Littattafai tun yana jariri, a gidan da kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki suke da bangaskiya. Uwar da ba ta iya karatu ba tana iya cewa 'yarta ta karanta mata da ƙarfi, su yi taɗi a kai. Ikkilisiyar da ba ta da kuɗin gina ɗakin karatu tana iya ajiye akwati ɗaya na littattafan da dattawa da malaman Makarantar Lahadi da zumuntar mata suka karanta suka amince da su, yara su riƙa ara. Ga uwar nan da ta tsaya bayan sujada kuwa, fasto ya karɓi littafin, ya karanta shi cikin makon, sa'an nan ya zauna da ita da 'yarta, ya fara da tambayar yarinyar abin da ta so a ciki.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa shugabannin ikkilisiya suka ɗauki dokar Yuliyan ta shekara ta 362 a matsayin tsanani? Me wannan yake nuna mana game da ra'ayinsu a kan ilimi?
2. Bayyana matakan da Kirisostom ya ba uba na koya wa yaro labari. Wanne ne ya fi wuya a gidajen ikkilisiyarka?
3. Kwatanta littafin Janeway da na Bunyan. Me ya sa ɗaya ya daɗe, ɗayan bai daɗe ba?
4. Zaɓi tatsuniya ɗaya ta harshenku. Rubuta tambayoyi uku da uba zai yi wa yaro ɗan shekara 8 bayan ya ji ta.
5. Rubuta sunayen littattafai biyar da ka karanta da kanka, waɗanda za ka iya sa wa cikin akwatin yaran ikkilisiyarka, ka faɗi dalilin zaɓen kowanne.